Kada mu bar ƴar na'urar rediyo ta mutu a kabad ɗin darakta

A ajin ƙarshe na lise ana koya wa yaranmu darasin igiyoyin lantarki da ke yawo a iska. Malami ya zana layi mai lanƙwasa a allo, ya rubuta lissafi, yara su kwafa, su hardace, su zuba a jarrabawar bak. Tambayi ɗaya daga cikinsu yadda muryar mai labarai ke tasowa daga Yamai ta shigo rediyon kakarsa, sai ya yi shiru. Laifin ba nasa ba ne, bai taɓa ganin abin da ido ba.

Alhali akwai na'urar da ke nuna shi. Sunanta RTL-SDR, girmanta kamar kile USB, kuɗinta wajen dalar Amurka 30. Asali an ƙera ta don kallon talabijin a kwamfuta, sai wajen 2012 masu bincike, cikinsu har da Antti Palosaari ɗan ƙasar Finlan, suka nuna cewa guntun da ke cikinta, RTL2832U, na iya miƙa wa kwamfuta ɗanyen sigina. Daga nan manhaja ce ke yin aikin rediyo. Tana kama daga wajen megahaz 24 zuwa sama da 1700. Tashoshin FM, da ke tsakanin 87,5 da 108, za ka gan su a fuskar kwamfuta tsaye kamar tsaunuka, kowace a mazauninta, ka taɓa ɗaya ka ji Muryar Sahel.

Ra'ayina shi ne kowace makarantar horar da malamai da kowace lise ta mallaki guda. Amma da sharaɗi: a koya wa malami yadda ake girka ta. In ba haka ba, za ta bi sahun kayan tallafi da muka sani, waɗanda aka gwada sau ɗaya, suka ƙi, aka ce sun lalace, aka kulle.

Kuma za ta ƙi a ranar farko, wannan kusan tabbas ne. A Windows, kana soka ta kwamfuta za ta ɗauke ta a matsayin na'urar talabijin, ko ta rasa direban da za ta ba ta. Ka buɗe manhajar SDR#, ta ce ba ta ga komai ba. Lafiyar na'urar ƙalau. Abin da ake bukata shi ne ƙaramar manhaja mai suna Zadig: ka sa ta jero dukkan na'urorin da ke haɗe, ka zaɓi wadda aka rubuta wa Bulk-In, Interface 0, ka ɗora mata direban WinUSB. A nan ne ake son natsuwa. Jerin ya ƙunshi linzamin kwamfuta da allon rubutu, kuma wanda ya yi gaggawa ya zaɓi linzami, linzamin ne zai daina motsi. Shi ya sa nake cewa ɗalibaina malamai su karanta sunan da ƙarfi, wani ya tabbatar, kafin a danna. A Linux matsalar ƴar uwar wannan ce: tsarin na riga ka kama na'urar da direban talabijin mai suna dvb_usb_rtl28xxu, sai an hana shi tashi. Wanda ya sayi samfurin V4 na 2023 kuma, ya tabbata direbansa sabo ne, don tsohon ba ya tafiyar da shi daidai.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Manhaja biyu ba sa riƙe na'urar lokaci guda. Ƙarfin kamawa yakan zo a ƙasa, sai ka ɗaga shi da hannu. Na'urar na zafi, a watan Afrilu na Tawa kuwa ba sai an faɗa ba, a ajiye ta a inuwa. Cajar kwamfuta mai araha na zuba hayaniya. Cire ta, ka ga layin hayaniyar ya sauka a gaban idon yara. Wannan kaɗai darasi ne.

Eriya ita ce wurin da lissafin allo ke zama gaskiya. Tsawon igiya a megahaz 100 mita 3 ne, rubu'insa santimita 75. A ba yara waya da ma'auni su yanka da kansu, su gwada gajere, su gwada dogo, su ga wanne ya fi ɗaga tsaunin.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba zan raina shi ba: a halin tsaron da ƙasa ke ciki, yaro da eriya a kan soro abin zargi ne. Gaskiya ne na'urar ba ta aika komai, saurare kawai take yi. Duk da haka kunnenta ya wuce FM nesa, don haka amfani da ita ya tsaya cikin aji, da sanin darakta da hukumomin gari, kan tashoshin da aka buɗe don jama'a. Maganar jami'an tsaro ba tamu ba ce, kuma malami ya faɗa wa yara haka tun ranar farko. Mai shakka kan doka ya tambayi ARCEP, ita ke kula da mitoci.

Wasu kuma za su ce makarantar da ba ta da teburi me za ta yi da wannan. Makarantu da yawa ba su da kwamfuta, haka ne. Amma wayar Android da ƴar igiyar OTG da manhajar SDR Touch na iya tafiyar da ita, kuma da wuya ka sami lise da babu malamin da ke da irin wannan waya. Kuɗin na'urar bai fi ƙarfin ƙungiyar iyayen yara ba. Abin da nake roƙon masu tsara horon malamai shi ne yini guda, kowane malamin fizik ya girka ta da hannunsa daga farko har ya ji sauti, sannan a cire direban a sa shi ya sake.