Kwamfutar Malam In Ta Salwanta, Wa Zai Biya?

A zamanin En'e, in aka ba akawu tafireta ko keke na hukuma, sai a shigar a littafin kaya, ya sa hannu. Ran da abin ya ɓata a bincika, in an same shi da sakaci a riƙa yankan albashinsa har kuɗin ya cika. En'e ta kau tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, tafireta kuwa ta bi ta, amma tambayar da akan yi a wancan lokaci tana nan: kayan aiki in ya salwanta a hannun ma'aikaci, wa zai ɗauki hasara? Abin da ya sa muka ta da wannan magana shi ne na'urar nan da ake kira kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ta zama wa malamin makaranta da akawun ƙaramar hukuma abin da alƙalami da tawada suka zama wa iyayensu.

Duk wanda ya zaga ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ya san ba ƙawa ce ta kawo ta ba. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma ta kwamfuta ɗungum, saboda haka malamin da ke son yaransa su ci dole ya nuna musu yadda ake taɓa ta. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da ita yake rubuta aikinsa na ƙarshe, akawu kuma a cikinta yake tsara sunayen masu albashi. Ga shi kuwa daga waje ake shigo da ita, da dala ake sayenta. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haye Naira 1,500. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a ƙasar nan a Yuli 2024 Naira 70,000 ne. Ai ba sai mun yi wa mai karatu lissafi ba. Ko ta hannu ce, watau wadda wani ya riga ya mora, ƙaramin ma'aikaci ba ya mayar da ita da albashin wata guda.

Abokan gabanta kuma suna da yawa a ƙasarmu. Akwai ƙurar hunturu da zafin bazara, akwai rufin ofis mai yoyo da damina, akwai wutar lantarki da kan dawo da ƙarfi ta ƙone abin da ta tarar a jone. Ta kan faɗo daga bayan babur tsakanin Gagarawa da Gumel. Wanda kuma ya taɓa kutsawa cinkoson kasuwar Maigatari ran Alhamis da jaka a kafaɗa ya san sauran.

Maganin da duniya ta daɗe da samu ga irin wannan shi ne inshora: mutane da yawa su biya kaɗan kaɗan kowace shekara, wanda tsautsayi ya faɗa wa a biya shi daga abin da aka tara. Mun san da yawa cikin masu karatunmu suna ƙyamarta, gama malamai masu yawa sun ce irin wadda aka saba da ita ba ta rabuwa da riba da garari da kamannin caca. Ba mu raina wannan magana ba, ba kuwa aikin jarida ba ne ba da fatawa. Abin da za mu ce shi ne an riga an buɗe wata ƙofa. A 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan. A nan gida, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idodin takaful a 2013, a 2016 kuma ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful izinin aiki. A takaful abin da mutum ya zuba gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, kamfani wakili ne mai karɓar ladan aikinsa, in an sami rara a ƙarshen shekara masu asusu suna da rabo. Ashe abin nan ne da muka gada, na kai wa maƙwabci jaje da ɗan abin hannu in gobara ta same shi, sai dai wannan a rubuce yake, an kuma san adadinsa tun kafin wuta ta tashi. Mai shakka ya ɗauki takardar ya kai wa malaminsa.

Amma fa a yi hattara, don a nan ne mutane suka fi cizon yatsa. Takardar inshora alkawari ce mai sharuɗɗa, abin da ba a rubuta ba kuwa ba a biya. Wadda aka yi don fasa gida ba ta biyan kwamfutar da aka zare a tashar mota, sau da yawa ma sai an ga alamar an ɓalle ƙofa ko taga. Mai yawo da na'urarsa irin da ke bin kaya duk inda aka kai shi yake bukata, ya kuma tambaya a fili ko ta haɗa da ɓata da faɗuwa da jiƙewa da ƙonewar wuta. Mutanen Maigatari da kan tsallaka Dungas su duba ko kariyar ta ƙare a kan iyaka. Tsufa da mutuwar batir ba a biyansu. Wanda ya bar jaka a buɗaɗɗiyar mota ya tafi cin tsire, za a ce masa sakaci ne. Galibi akwai wani kaso na farko na hasarar da mai kaya zai ɗauka da kansa, kuma akan rage kuɗin shekarun da na'urar ta yi tana aiki.

Sa'an nan akwai dabarar da ba ta da riba, watau rage darajar kaya don a biya kaɗan. Misali, kwamfutar Naira 300,000 aka rubuta ta 200,000, ta lalace, gyara ya ci 90,000. Bisa ga sharaɗin da ke cikin yawancin takardun nan 60,000 za a biya, kashi biyu cikin uku, daidai da yadda mai ita ya rubuta. Haka kuma wanda ya rubuta farashin shekaru uku da suka wuce bai sabunta ba. A adana rasit, a kwafe lambar da ke ƙarƙashin na'urar a ajiye wani wuri dabam. In an yi sata a kai rahoto ga 'yan sanda nan da nan a karɓi takarda, a sanar da kamfani cikin kwanakin da aka ƙayyade. Ƙa'idar ƙasar nan kuwa ita ce sai an biya kuɗin shekara kariya take farawa, alkawarin "zan kawo ƙarshen wata" ba ya aiki. Wanda aka hana hakkinsa yana iya kai ƙara NAICOM.

Wani abu guda babu kamfanin da zai mayar: abin da ke cikin na'urar. Sakamakon jarrabawar yara na shekara uku, ko lissafin harajin kasuwa, in ba a kwafe shi a filas ko a intanet ba, ya tafi ke nan.

To, ina mafita? Ofisoshin kamfanonin nan galibi suna manyan birane kamar Kano, ba kuwa wakilin da zai taso zuwa Sule Tankarkar saboda kwamfuta ɗaya. A ganinmu aikin ƙungiya ne. Ƙungiyar malamai da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin adashi da taimakon juna da suke da su, suna iya tara sunayen masu so a ƙananan hukumomin nan huɗu, su nemi takarda guda ta haɗe su duka, a yi ciniki da murya ɗaya, a fassara musu sharuɗɗan da Hausa kafin kowa ya sa hannu.

Game da na'urorin hukuma kuwa, nauyin yana kan hukuma. Ba daidai ba ne a danƙa wa akawu kayan da ya fi albashinsa na watanni, a ce ya tafi da shi gida ya ƙarasa aiki, ba a gaya masa matsayinsa ba sai ran da ɓarawo ya shiga. Mai sakaci ya biya, wannan ba mu ja ba. Wanda aka fi ƙarfinsa kuwa kada a taɓa abincin iyalinsa. Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, da sakatarorin iliminsu, su sa a ƙidaya kwamfutocin da ke hannun ma'aikata, a rubuta lambar kowace da sunan mai riƙe da ita, a kuma ware kuɗin inshorarsu cikin kasafin shekara mai zuwa.