Ganuwar Bebeji ta riga Turawa

Masu cewa Turawa ne suka raya biranen ƙasashen da suka mallaka sukan kafa hujja da Mumbai ta Indiya, kuma a can suna da abin faɗa. A da tsibirai bakwai ne na masunta. Fotugal ta ba Ingila su cikin kayan auren gimbiya a 1661, sarkin Ingila ya ba kamfanin East India haya a 1668 kan fam 10 a shekara, aka yi ta cike teku har birni ya tashi. Amma wannan ma'auni ba ya aiki a ƙasar Kano. Da rundunar Ingila ta Kanar Morland ta taso daga Zariya a farkon 1903, sai da ta sa igwa ta fasa ƙofar ganuwar Bebeji kafin ta wuce, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, lokacin Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato. Garin da aka shiga da igwa ai yana da ganuwarsa da sarkinsa da kasuwarsa tun tuni, kuma a lokacin Bebeji zango ne na fatake a hanyar Zazzau. Za a ce jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya bunƙasa ciniki. Haka ne, gyaɗa ta kawo kuɗi. Sai dai dogon an shimfiɗa shi ne don kwashe amfanin gona zuwa ƙasashen waje, ya bi ta Dangora a ƙasar Kiru maimakon Bebeji, ayarin jakuna ya ragu, garuruwan zango suka koma masu noma wa kamfanoni gyaɗa a farashin da ba su suka yanka ba.