Darasi Daga Tsaunukan Rif Ga Manoman Palladan

A arewacin Maroko akwai jerin tsaunuka da ake kira Rif, ƙasa mai duwatsu da gangare wadda noman abinci ba ya ciyar da gida a cikinta sai da ƙyar. Shekaru aru-aru mutanen yankin Katama suna shuka tabar wiwi, har ta zama abin da gidaje da yawa suka dogara da shi. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a 2003 ya tarar da hekta 134,000 na wannan shuka a yankin Rif. Tun daga nan zan faɗi matsayina: ba kira nake a shuka ta a ƙasarmu ba. Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukunci mai tsanani ga mai shuka ta, an kafa hukumar NDLEA a 1989, kuma binciken 2018 ya ƙiyasta masu shanta a Najeriya sun kai miliyan 10.6. Duk wanda ya ga yaron unguwarsu ya lalace a kanta ba ya buƙatar alƙaluma. Abin da ya kai hankalina Rif shi ne labarin irin da manomansu suka gada, da yadda ya kusa kuɓuce musu suna ji suna gani.

Suna da irinsu na gida, beldiya. Babu wata cibiya da ta fitar da shi. Manoma ne suka yi ta ware shukar da ta fi jure wa ƙasarsu suna ajiye 'ya'yanta, kaka ya bar wa uba, uba ya bar wa ɗa. A can ruwa lokacin sanyi yake sauka, watannin zafi kuma fari ne ƙat, don haka beldiya ta saba da rayuwa da damshin da ƙasa ta riƙe, ta nuna da wuri kafin ƙasar ta bushe. Daga farkon shekarun 2000 sai 'yan kasuwa suka fara shigo da iri mai aure daga waje, irin su khardala, daga baya kuma Critical. Ya fi yabanya, ya fi ƙarfi, masu saye daga Turai sun fi son sa. Manomi ya dubi kuɗin da maƙwabcinsa ya samu a kaka ɗaya, ya watsar da nasa.

Abin da ba a saka a lissafi ba shi ne ruwa. Sabon irin yana daɗewa a gona, yana shiga tsakiyar watannin fari, dole sai da ban-ruwa. Aka shiga haƙa rijiyoyi da tafkuna, aka sayi injuna da bututu, aka ƙara taki da magani, ga kuɗin irin kansa. Masu bincike biyu, Pierre-Arnaud Chouvy da Kenza Afsahi, sun rubuta a 2014 cewa sabbin irin sun mamaye mafi yawan gonakin Rif. Wanda ya ƙi sauyawa ma bai tsira ba, domin iska ce ke ɗaukar bununin wannan shuka daga gona zuwa gona, sai ya wayi gari irin da ya gada ya gauraye da na baƙi. A 2021 gwamnatin Maroko ta halatta noman don magani da masana'antu, daga baya aka keɓe shi ga larduna 3: Alhusaima, Shafshawan da Tawunat. Girbin farko na halal a 2023 ya kai tan 294. A lokacin kuma ƙasar tana cikin fari na shekaru a jere, sai ga hukuma ta dawo tana neman beldiyar da aka raina saboda ba ta da ƙishirwa, har sai da cibiyar binciken noma ta ƙasar ta shiga aikin tantance tsabtataccen irinta.

Mu dawo gida. Palladan tana kan hanyar Sakkwato tsakanin Kwangila da Samaru, 'yar tafiya kaɗan daga Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR, wadda ta faro a 1922 ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk irin da ka ga sunansa ya fara da SAM daga nan ya fito. Ba ni cikin masu zagin sabon iri, kuma ina ganin rashin adalci ne a zage shi. Dattawan da suka ga annobar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975 sun san darajar SAMNUT 24 mai jure wa cutar, mai nuna da wuri. Mai gonar da wuta-wuta ta addaba ya san amfanin SAMMAZ 15. A 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T da tsutsa ba ta cin furensa da kwansonsa. Wannan aiki ne na gumi da shekaru.

Damuwata a wani wuri take. Tun daga shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975, lokacin da taki yake da araha, masara ta yi ta ture dawa da gero daga gonakin ƙasar Zazzau. Yau buhun taki ya fi ƙarfin talaka, masara kuma ba ta san haƙuri ba, in ba ka ba ta ba, ba za ta ba ka ba. Takin zamani a wurinmu shi ne ruwan ban-ruwa a wurin mutanen Rif. Ga kuma gine-gine suna cinye gonakin Palladan da Hanwa da Zango da Basawa. Ranar da dattijo ya yanka gonarsa fuloti-fuloti, zangarniyar irin da ke rataye a rumbunsa tuwo ake yi da ita, shi ke nan ta tafi, babu wanda ya rubuta sunanta.

Kuma abin da ke tafiya ba ƙarami ba ne. Masanan Samaru sun gano tun shekarun 1960 cewa dawarmu ta gargajiya, irin su kaura da farafara, tana bin tsawon yini ne wajen fitar da kai. Ko ka yi shuka da wuri ko ka makara, sai ƙarshen damina take fure, ƙwayar ta nuna cikin bushewar iska ba tare da ruwa ya sa ta funfuna ba. Kowane yanki kuma da irin da ya dace da lokacin ɗaukewar ruwansa. Wake kanannado yana jinkiri, gaskiya ne, amma harawarsa ce ke riƙe tumaki da rani, kuma kowa ya san kuɗin ƙullin harawa a kasuwar Sabon Gari gab da Babbar Sallah. Dogon karan dawa shi ne danga, shi ne makamashi, shi ne abincin shanu. A ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi ne mai bincike David Norman da abokan aikinsa suka bi manoma gona-gona a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da masu ilimin boko ke ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin rashin wayewa. Lissafinsu ya nuna manomin ne mai gaskiya: haɗin ya fi ba shi riba a kan wahalarsa, ya kuma fi kare shi daga asara. Hanwa kuwa maƙwabciyar Palladan ce.

Kuskuren manoman Rif shi ne sun auna sabon iri da ma'auni ɗaya, a kaka ɗaya, a gonar wani. Don haka a wurinmu, wanda aka kawo wa sabon iri ya gwada shi a gonarsa, kunya kusa da kunya da nasa na gado, rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. Kada ya yanke hukunci sai ya ga damina mai ruwa da damina mai tsaiko. Ya rubuta abin da ya kashe, ba buhunan da ya ɗauka kaɗai ba. Ya duba ko ƙwari suna cin hatsin a rumbu. Ya ba uwargida ta surfa ta niƙa ta tuƙa, ita za ta faɗa masa ko garin yana auki, ko tuwon yana kwana ya yi ɗumame. In iri mai aure ne, ya sani cewa 'ya'yansa ba za su fito kamar uwarsu ba, baɗi ma sai ya saya. Mai son ajiye irin masara ya nisanta ta da gonar maƙwabci ko ya saɓa lokacin shuka, domin ita ma iska ce ke yi mata aure. Dawa kuwa a tsaye ake zaɓen zangarniyarta kafin girbi, lokacin da ido ke ganin karan da ganyen da lafiyar shukar gaba ɗaya.

Ina roƙon malaman IAR da na cibiyar yaɗa ilimin noma ta NAERLS, da ɗaliban aikin gona da ke haya a Palladan da Samaru, su shiga Bomo da Biye da Milgoma da Shika a kakar bana, su karɓi irin da ya rage a hannun tsofaffi, su rubuta sunansa da sunan garinsa da abin da masu shi ke yabonsa da shi, su kuma mayar musu da tsabtatacce. Kai kuma mai karatu, in akwai dattijo a gidanku da har yanzu yake rataye zangarniya, ka tambaye shi sunanta, ka roƙi tiya guda, ka ware mata kunya goma a damina mai zuwa.