Kafin a cire wa kulocin motarki damfa

 Yau batun mota zan yi miki, amma kada ki wuce, domin a cikinta kike ɗaukar yaranki.

Motarmu mai giyar hannu ce, 'yar Kwatano. Ni nake kai yara makaranta da ita kafin na wuce asibiti. Kwanakin baya ta fara ba ni haushi: in na saki kuloci daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu, sai ta yi jinkiri, sannan ta fizga, har ƙaramar ta buga goshi a kujera. Ƙanin maigidana ya ce abu mai sauƙi ne, a cire damfa a haɗa bututun kai tsaye, yadda masu son gudu suke yi. Na ce a dakata. A wurin aikinmu ba a yanka mutum sai an yi gwaji.

Ga abin da na fahimta. A motocin da kulocinsu ke aiki da mai, idan kin taka feda, famfo na sama yana tura man birki ta siririn bututu zuwa famfo na ƙasa da ke jikin giyabos, shi kuma ya raba inji da giya. Idan kin saki, man ya koma. A kan wannan hanya kamfanoni suke saka ɗan ƙaramin abu, kuma iri biyu ne. Ɗaya yana shanye karkarwar inji don kada ta iso ƙafarki. Ɗayan rami ne matsattse da ke rage saurin komawar mai, kamar yadda muke murɗa makunnin ƙarin ruwa don ya riƙa ɗiga a hankali. An san wannan na biyun sosai a BMW ƙirar E46, ana kuma samun irinsa a wasu motocin Honda da Volkswagen. Motar da waya ke jan kulocinta kuwa babu ruwanta da wannan zance.

Masu cirewa suna da hujja. Ƙafa tana jin daidai inda kuloci yake kamawa, motar tana bin umarninki nan take, canjin giya ya fi tafiya sumul a hannun gwani. Amma ba a banza aka saka shi ba. Ranar da ƙafa ta zame daga feda, shi ne yake rage bugun da zai sauka a kan giyabos da shaf. In babu shi, kuskurenki zai isa can gaba ɗayansa. To ki tambayi kanki, su waye suke tuƙa motar nan? Idan akwai mai koyo a gidan, ko direban da ke sakin kuloci kamar ya taka garwashi, ki bar damfa a inda take. Idan motar sabuwa ce mai garanti, cirewa na iya jawo miki gardama da dillali.

Mu da bakanike ya duba tamu, man ya yi baƙi ƙirin, ga iska a bututu. Man birki yana tsotsar danshi, shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canza shi duk shekara 2. Aka zuba sabo, irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 4, aka fitar da iska. Fizgar ta ragu ƙwarai, damfa kuma tana nan. Saboda haka ki sa a fara da mai, sannan a duba yoyo a famfunan biyu, sannan faifan kuloci. Cirewa ta zo a ƙarshe.

In kun yanke shawarar cirewa, abu biyu nake roƙonki. Na farko, a motoci da dama kuloci da birki daga gwangwani ɗaya suke shan mai. Kada ki ɗauki yara sai kin ga babu ɗigo a mahaɗar, man ya kai layinsa, kin kuma taka birki kin ji shi da tauri. Na biyu, ragowar man kada ya shigo gida a robar lemo. Guba ne, yana lalata ƙoda. Mu da ke ɗakin yara mun sha karɓar waɗanda suka sha kananzir a irin wannan robar. In yaro ya sha, kada ki sa shi amai, kada ki tsaya ba shi manja ko madara, ki ɗauko robar ku taho asibiti nan take.

Ke wace irin mota kike ja, kuma yaya kulocinki yake a cunkoso? Ki faɗa mana a ƙasa. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya, Ya tsare mana zuri'a a kan hanya.