FATARMU TA RIGA RIGAR YIN MAGANA

Ku yi haƙuri, yau rubutun da tsawo.

Juma'ar da ta wuce, bayan mun sauko daga masallaci a St. Georg nan Hamburg, wani ƙaninmu ya zo da baƙar riga an rubuta "Nazis raus" a ƙirji, wato 'yan Nazi su fita. Sai manyanmu suka tasa shi gaba: baƙo ba ya siyasa, kuɗi ka zo nema, cire ta kafin ka jawo mana. Na yi shiru a wurin don girman furfura. Amma Alhazai, ku gafarce ni, wannan magana ba daidai ba ce.

Wai rigar ce ke jawo mana? Ranar 19 ga Fabrairu 2020 a Hanau, wani ya harbe mutum 9. Ba rubutun riga ya tsaya karantawa ba, kamanni ya duba. A Nuwamba 2023 wasu suka taru a Potsdam, ciki har da 'yan AfD, suna shirya yadda za a kwashe baƙi daga ƙasar. Ba su ware masu farar riga da masu ladabi ba. A zaɓen Fabrairu 2025 jam'iyyar nan ta zo ta biyu, da kusan kashi 21 cikin 100. Mu dai fatarmu ta riga rigar yin magana, kuma ita ba a cire ta a rataye.

Ni ma ina da tawa, an rubuta "Kein Mensch ist illegal", wato babu ɗan Adam da ya zama haramtacce. Shekara biyu ina sa ta, ga abin da na gani. Yawancin mutane ko kallo ba sa yi, kowa na kan wayarsa. Wasu su karanta su gyaɗa kai. Wata tsohuwa a jirgin ƙasa ta kama hannuna ta ce danke, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Sau ɗaya kuma, a wata ƙaramar tasha a gabas, wasu samari uku suka tofa yawu gabana suna zagi. Zagin nan fa na sha shi ina sanye da kayan aiki ma. Bambancin kawai, da rigar nake gane masu son mu, don Bajamushe ba ya fara yi wa baƙo magana sai ya ga dalili. Kuma suna da yawa: a Janairu 2024 sai da aka tsayar da zanga-zangar Hamburg kafin lokaci saboda cikar jama'a.

To amma ƙanina, kai ma zo nan, kar ka ce na ɗaure maka gindi.

Na farko, kar ka sa abin da ba ka san ma'anarsa ba. Da yawanmu gwanjo muke saye ko kayan sadaka. Ka ga lamba 88 a riga, ajiye ta: H ce harafi na 8, gaisuwar Hitler ce a ɓoye. Haka kayan Thor Steinar, da su ake gane mutanen nan. Na taɓa ganin ɗan uwanmu baƙi ƙirin yana yawo da ita, bai sani ba. Alamar Nazi kuwa laifi ce a doka, sashe na 86a. Wadda aka ja wa layi don nuna ƙi, kotu ta halatta tun 2007.

Na biyu, ka san inda kake. St. Pauli da rana daban, ƙauyen Sachsen ƙarfe 11 na dare kai kaɗai daban. Ka ja zif ɗin jaket, ba tsoro ba ne. Ko a gida ba a shiga kasuwar wani gari da kirari.

Na uku, wurin aiki ka sa kayan aiki. Mai gida na iya hanawa, kuma ga wasunmu takarda na rataye da aikin.

Na huɗu, shi ne babba: in an tsokane ka, KAR KA ƊAGA HANNU. Shi ɗan ƙasa ne, tara zai biya ya koma gida. Kai ƙararka har ofishin baƙi za ta kai, ranar sabunta takarda a buɗe maka fayil. Ka matsa inda mutane suke, ka kira 110, ka roƙi wanda ya gani ya tsaya shaida.

Wanda ba ya son sawa, ba dole, kowa ya san nauyin da ke kansa da bakunan da ke jira a gida. Amma kar ka kunyata wanda ya sa. Turawa na fitowa cikin sanyi suna ɗaga kwali dominmu, mu kuma muna tsawata wa yaro don ya ce a bar mu mu rayu?

Wanda ba ya karanta Jamusanci, ya ɗauki hoton rigarsa ya nuna wa mai iyawa kafin ya fita. Allah Ya tsare mu, Ya mayar da mu gida da mutunci. Amin.