Wasiƙa zuwa ga daraktocin finafinan barkwanci

Ina roƙonku ku zauna ku kalli aikin Buster Keaton, Ba'amurken da aka haifa a 1895, wanda ya yi tashe tun fim bai fara magana ba. Yawancin dariyar da kuke ba mu daga baki take fitowa: gatse, ba'a, kwaikwayon maganar wata ƙabila. Keaton bai da ko ɗaya daga ciki, don haka ya dogara da abin da ido ke gani.

Ku fara da Steamboat Bill, Jr. na 1928. Guguwa ta taso, yana tsaye ya juya wa gida baya, sai bangon gaba ya rikito kansa gaba ɗaya. Tagar bene da ke buɗe ta faɗo daidai inda yake, ya tsira. Bangon na gaske ne. Ku lura da inda kyamara take: can nesa, ana ganin mutum daga kai har ƙafa, ana ganin gidan, kuma ba a yanke hoton ba. Da an yanka an nuno fuskarsa, sannan bango, sannan ƙura, da mai kallo ya gane aikin edita ne, dariyar ta mutu. Haka ya yi a The General na 1926, wanda suka ba da umarni tare da Clyde Bruckman, inda kan jirgin ƙasa na gaske ya rufta cikin kogi daga gada mai ci da wuta a jihar Oregon.

Fuskarsa kuma ba ta motsi. Ba ya zare ido don ya sanar da ku cewa lokacin dariya ya yi. Ku faɗa wa 'yan wasanku haka.

Ban ce ku jefa kowa cikin haɗari ba, Allah ya kiyaye. Shi kansa ya karye a wuya wajen ɗaukar Sherlock Jr. a 1924, bai ma sani ba sai bayan shekaru.

A 1928 ya koma kamfanin MGM. Da can shi da abokan aikinsa kan ƙirƙiro abin dariya a wurin ɗaukar fim, su gwada, su sake. A MGM sai aka ɗaure shi da rubutaccen labari da umarnin manya, aikinsa ya yi ta ja baya. Idan za ku ƙulla yarjejeniya da furodusa, ku sa sharaɗin kwana guda na gwaji a lokeshan kafin a kunna kyamara.

Naku,
Wani mai kallon finafinanku.