Daga Landan Zuwa Legas A Kan Babur: Me Ake Saye Da Wannan Wahala?

A ranar 19 ga Afrilun 2022 wani ɗan Nijeriya mai suna Kunle Adeyanju ya hau babur ɗinsa ƙirar Honda a birnin Landan ya doshi gida. Ya ratsa Faransa da Sifaniya, ya tsallaka zuwa Maroko, ya keta hamadar Sahara ta ɓangaren Muritaniya, sannan ya gangaro ta Senigal da Mali da sauran ƙasashen yammacin Afirka, bai iso Legas ba sai ranar 29 ga Mayu, bayan kwana 41 da tafiyar fiye da kilomita 12,000. Abin da ya ce ya fitar da shi shi ne tara kuɗi da wayar da kai game da cutar shan inna, ƙarƙashin ƙungiyar Rotary wadda shi mamba ne a cikinta.

Duk mai hankalin da ya ji wannan labari, tambayar farko da za ta zo masa ita ce: to, me ya hana shi ya lissafa kuɗin mai da na biza da na masauki da na gyaran babur, ya miƙa wa masu aikin rigakafi, ya zauna a gidansa lafiya lau? Tambaya ce mai kyau, kuma na sha jin ta daga bakin mutanen da ba a raina iliminsu ba. Sai dai a ganina amsarta ta shafe mu, mu mutanen Kano, fiye da yadda ta shafi mutanen Landan ko na Legas, domin cutar da ya hau babur saboda ita a ƙofar gidanmu ta daɗe tana kwana.

Bari in fara da kalmar da muke amfani da ita, tunda nazarin harshe shi ne sana'ata. Sadaka kalma ce da muka aro daga Larabci, kuma saiwarta ɗaya da kalmar da ke nufin gaskiya. Wato tun a asalin ma'anarta, kyautar da mutum ya fitar shaida ce cewa abin da yake faɗa da baki ya kai zuci. Wanda ya ce yana tausayin guragu, kowa na iya faɗin haka, ba a biyan ko kwabo. Wanda kuwa ya yini arba'in a kan sirdin babur, rana ta dafa shi, guguwar rairayi ta buge shi, jami'an kan iyaka suka shanya shi, wannan ya gaskata maganarsa da jikinsa. Mutane na buɗe aljihu ga irin wannan mutum ne saboda sun ga ya riga su biya, kuma ya biya da abin da ba a iya aro ko a yi jabunsa.

Abu na biyu shi ne jan hankali. Cuta irin ta shan inna ba ta da sabon labari. Tun 1985 Rotary ta fara shirinta na yaƙi da ita, a 1988 kuma aka ƙaddamar da gangamin duniya na kawar da ita, lokacin da take nakasa yara kimanin 350,000 a kowace shekara a ƙasashe 125. Bayan shekaru talatin da ɗoriya ana maimaita saƙo ɗaya, kunnuwa sun gaji, editoci ma sun gaji. Amma mutum guda a kan babur a tsakiyar Sahara labari ne da ke sabunta kansa kullum: yau ina ya kwana, gobe zai tsallake ko ba zai tsallake ba? Dubban mutanen da suka riƙa bin Adeyanju a intanet sun zo kallon kasada ne, amma ba su tashi ba sai da kalmar shan inna ta shiga kunnensu sau da yawa. Haka ɗan wasan kwaikwayo Ewan McGregor da abokinsa Charley Boorman suka yi a 2007, lokacin da suka hau babura daga arewacin Sikotilan zuwa birnin Cape Town, suna tsayawa a ayyukan UNICEF a kan hanya. Masu kallon talbijin sun zo don tafiya, suka tafi da labarin yaran da yaƙi da cuta suka ɗaiɗaita. Bugu da ƙari, a batun shan inna kuɗin kansa yana haihuwa, domin Gidauniyar Gates tana ɗora dala biyu a kan kowace dala ɗaya da Rotary ta tara, har zuwa wani adadi a shekara.

Abu na uku, wanda masu yabo kan yi shiru a kai, shi ne cewa mahayin yana son tafiyar. Ba wanda zai jure wannan azaba in ba ransa na marmarin ta ba. Akwai son ganin duniya, akwai son gwada ƙarfin zuciya, akwai kuma son a ce wane ne ya yi. Ni ban ga aibi a nan ba. Ɗan Adam bai cika yin alheri da niyya guda tsantsa ba, kuma al'ummar da ta ce sai wanda ya tsarkaka daga son yabo ne zai taimaka mata, za ta daɗe tana jira. Malamanmu sun yi dogon bayani a kan riya, haka kuma sun karantar da mu cewa bayyana sadaka halal ne, musamman in zai sa wasu su yi koyi, ko da yake ɓoye ta ya fi. Abin da ke cikin zuciya tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Abin da ya rage mana mu duba shi ne ko yaro ya samu ɗigon rigakafi a bakinsa. Shi kansa Adeyanju ya sha faɗa wa manema labarai cewa wani abokin ƙuruciyarsa da shan inna ta nakasa ne ya tsaya masa a rai, kuma sau da yawa irin wannan tabo ne ke bayan waɗannan tafiye-tafiye.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ɗabi'a baƙuwa ce a gare mu. Bahaushe ya san darajar takakkiya. In mutum ya taso daga Kano zuwa Sakkwato don ta'aziyya, ba wanda zai ce masa ai da ka aiko da kuɗin mota ya fi. Ƙurar da ke ƙafarsa ita ce gaisuwar. Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu sun shekara biyar ko goma a hanya, wasu zuriyarsu na can har yau. Fatake sun yi watanni tsakanin Kano da Gwanja a kan fataucin goro. Ko a 2015 mun ga yadda Sulaiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar zaɓen Muhammadu Buhari, garuruwa suna fitowa tarbarsa. Ashe dai mun yarda cewa nisan tafiya ma'auni ne na girman abin da aka je dominsa. Bambancin kawai shi ne mu mun fi kashe wannan jari a kan 'yan siyasa, su kuwa wasu suna kashe shi a kan asibiti da rigakafi.

A nan ne maganar ta dawo gida. Sunan da muke kiran cutar ma ya isa darasi. Shan inna na nufin Inna ce, wato aljana, ta shanye ƙafar yaro. Sunan ya zo da bayaninsa, kuma wanda ya yarda da wannan bayani wajen boka zai nufa, ba zai ga alaƙar ciwon da ƙwayar cuta da ke bin gurɓataccen ruwa da bayan gida ba. A kan wannan tsohon fahimta sai aka ɗora sabon rashin yarda. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, 11 daga cikin yara 200 da ke cikin gwajin suka rasu, shari'ar da ba a sasanta ta da gwamnatin jiha ba sai a 2009, a kan dala miliyan 75. A 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata shi, ba a dawo ba sai a Yulin 2004. A sanadiyyar haka cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Yemen da Indunusiya. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a cikin birnin nan. Da kyar da jiɓin goshi, da sa hannun sarakuna da malamai da mata masu bin gida gida, aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Duk da haka, a shekarun da suka biyo baya an ci gaba da samun wani nau'in da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, kuma jihohin arewa maso yamma, har da Kano, su ne kan gaba.

Wannan tarihi ya nuna cewa ciwonmu na rashin yarda ne fiye da rashin kuɗi. Ita kuwa yarda, kamar yadda na faɗa a sama, ita ce hajar da mahayin babur ke sayarwa. Sai dai yardar da Adeyanju ya samu a Landan da Legas ba lallai ta isa Sumaila ko Doguwa ba. Uban da ke ƙin a ɗiga wa ɗansa magani a ƙauye bai san shi ba, ba ya kuma bin sa a intanet. Wanda zai iya shiga zuciyar wannan uba shi ne ɗan gari, mai jin harshensa, wanda ya iso ƙofar gidansa da ƙura a fuska.

Kuma ba mu rasa mahaya ba. Duk wanda ya san Bompai, tsohuwar unguwar masana'antun Kano, da ƙannenta Sharaɗa da Challawa, ya san abin da ya faru da rufewar masaƙu da sauran kamfanoni saboda matsalar lantarki da kwararowar kayan waje: dubban ma'aikata sun koma acaɓa. Waɗannan bayin Allah sun yi shekaru suna doguwar tafiyar juriya a kowace rana, cikin zafin bazara da hazon hunturu, ba mai ɗaukar hotonsu, ba mai tarbarsu da ganga, har zuwa Janairun 2013 da gwamnati ta hana goyo a babur a cikin birni bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Garin da ya haifi wannan runduna bai kamata ya zama ɗan kallo ba idan ana maganar hawa babur don taimakon al'umma. Haka nan a ƙasashe irin su Gambiya da Lesotho, ƙungiyar Riders for Health, wadda ta samo asali daga masu tseren babura, ta nuna cewa babur mai lafiya a hannun ma'aikacin lafiya shi ne ke kai magani inda mota ba ta zuwa.

Saboda haka shawarata ga rassan Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa, da attajiranmu, da matasanmu masu manyan babura da ke ƙure gudu a titunan Nasarawa ranar Lahadi, ita ce su haɗa kai su shirya tafiyar da za ta ratsa ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. Ba sai an je Sahara ba, musamman ganin halin tsaron da yankin Sahel ya shiga. A tashi daga Bompai, a kwana a fadar hakimai, a yi magana da iyaye a masallatai da kasuwanni, a tafi da waɗanda cutar ta nakasa domin su yi bayani da bakinsu. Mutane irin su Aminu Ahmad Tudun Wada, wanda ya shahara da ƙera kekunan guragu da jagorancin masu fama da wannan lalura, sun daɗe suna wannan aiki, kuma maganarsu ta fi ta kowane likita shiga jiki. Akwai ma tushen da za a ɗora a kai, tunda tun 2012 gwamnatin Kano ta ƙulla yarjejeniyar rigakafi da Gidauniyar Dangote da ta Gates.

Amma fa da sharuɗɗa, domin ba kowane mai hawa da sunan taimako ne abin yabo ba. Na farko, mahayi ya ɗauki nauyin tafiyarsa daga aljihunsa ko daga mai ɗaukar nauyi da aka bayyana sunansa, kada a taɓa kuɗin marasa lafiya a sayi mai. Na biyu, gudummawa ta tafi kai tsaye asusun ƙungiyar da aka ambata, kuma a buga lissafi a jarida bayan an dawo: nawa aka tara, nawa aka kashe, wa ya amfana. Na uku, a kiyaye rai. Ba mu manta da 2009 ba, lokacin da aka tilasta sa hular kwano wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Wanda ya fito ceton ƙafar yaro bai dace ya bar 'ya'yansa marayu ba. Duk tafiyar da ta cika waɗannan sharuɗɗa ta cancanci goyon bayanmu, wadda ta kasa kuwa yawon buɗe ido ne da aka yi wa rawani.

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Idan aka tsara ta da gaskiya, tana iya zama mabuɗin aljihu da na zukata. Yaran da ba a yi wa rigakafi ba suna nan a ƙauyukan da ba su fi tafiyar awa biyu daga Bompai ba, baburan kuma suna nan, masu kuɗin ma suna nan. Allah Ya ba mu ikon haɗa su wuri guda, Ya kuma kare mana zuriya.